Baitin da Mama Ta Sa Aka Cire

Sparta, Tennessee
9 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Wendell,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Joyce da yara. Allah Ya ƙara maka sauƙin ciwon bayan nan, Ya kare ku daga sanyin Alaska. Mu nan lafiya lau, maigidana Dale ya gama yankan ciyawar shanu kafin ruwa ya sauko.

Yaya, maganar waƙar marigayi Baba ce ta sa na ɗauki biro. Ka san mawaƙa biyu sun taɓa maimaita ta, na farko ya kai ta ta goma sha huɗu a jerin waƙoƙin karkara na kantiri masu tashe, na biyu ta tara, duk muka yi murna. Yanzu wani mawaƙi, Colt Ramsey, ya sake rera ta, mako shida ke nan tana hawa, jiya ta kai ta biyu. Sai dai shi ya tono tsohon faifan gwajin Baba a Nashville, ya tarar da baiti na huɗu da ba mu taɓa ji ba, ya saka. A baitin Baba ya kira sunan matar da yake jira a bakin kogi. Ba Mama ba ce. Inna Opal ce, ƙanwarta.

Muna ɓare wake a kicin rediyo ya saka ta. Na ajiye waken, amma Mama ta ci gaba da aikinta. Ta ce shekara hamsin ke nan da ta san maganar, ita ce ma ta sa Baba ya cire baitin kafin a buga faifai, kuma ba ta taɓa ɗaga wa Inna maganar ba. Abin da ya ci mata rai shi ne yanzu har mai sayar da fetur yana rera shi. Magana zarar bunu ce, Yaya.

Lahadi uku ke nan Inna ba ta zo coci ba, labulenta a sauke. Mama kuwa kullum sai ta ajiye jakarta a gurbin Inna a kan benci, kada wani ya zauna. Na ce mu je mu ƙwanƙwasa mata ƙofa, ta ce mini, “Tana tsammanin sai yanzu na sani. In na ce mata tun tuni ne, da wane ido za ta dube ni?”

Kai ne Inna ke jin maganarka. Don Allah ka zo kafin ƙarshen wata, dukansu sun haura tamanin.

Ka gaishe da Joyce, da Travis, da ƙaramar Maybelle.

Ƙanwarka,
Darlene