Na ce wa yayana hoton lafiya yake

Daga wani ɗan'uwa a Maiduguri, ya roƙi a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin, na gode da ka yarda ka ɗora mini. Don Allah ku taimaka mini da shawara, musamman masu harkar gem, wato wasan kwamfuta, da masu haɗa kwamfuta, duk da na san matsalar tawa ta wuce ta na'ura, kuma ni dai har yanzu ban hango mafita ba.

Ni dilan kwamfuta ne, shagona yana wajen Mairi, yawancin masu saye a wurina ɗalibai ne. Ban yi dogon karatu ba, a hannu na koyi aikin, amma duk wanda ya san ni ya san ba na sayar wa mutum abin da ba zai yi masa aiki ba. Wanda ya ɗora ni a hanya yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, direban babbar mota, ya kusa shekara talatin yana bin hanyar Kano. Kayana na farko a gaban motarsa suka zo, ya naɗe su da bargonsa don kada jijjiga ta lalata su. Har yau ba ya kiran sunana, sai dai Gana, wato ƙarami.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, gefen hagu. Allah ya sa da sauƙi, magana ta dawo, ƙafa ta fara takawa, hannun ne ya yi nauyi. Mai motar da yake ja mutumin kirki ne, ya aiko cewa kujerarsa tana nan tana jiran sa. Wannan maganar ce ta riƙe Yaya, ita take tashe shi zuwa gashi sau uku a sati. Mai yi masa gashin ta ce duk abin da zai sa ya riƙa motsa hannun da son ransa yana da amfani. Sai na ce ni kuwa ina da dabara, akwai gem na tuƙin babbar mota, da sitiyari da birki da totur kamar gaske.

Na kai masa monita mai faɗi, irin mai lanƙwasa, inci talatin da huɗu, wanda in ka zauna gabansa kamar gilashin gaban mota, madubin hagu da na dama duk suna cikin idonka. Ga waɗanda ba 'yan harka ba, irin wannan monitan hoton da ke kansa ya ninka na monitan ofis fiye da sau biyu, don haka girafik kad ɗin da zai tura shi, wato ɓangaren kwamfuta mai zana hoto, sai mai ƙarfi. Sannan yana da abin da ake kira adaftif sink, wato monitan yana jiran kad ya gama zana hoto kafin ya nuna. Amma sai in kad ɗin ya san wannan tsarin, kuma an haɗa su da wayar da ta dace. In ba haka ba, za ka ga rabin sabon hoto a sama, rabin tsoho a ƙasa, hoton ya yage a tsakiya. Duk na san wannan, shi ya sa na yi odar kad mai kyau daga Legas, wanda ya dace da monitan.

Ranar da kad ɗin ya iso, wani tsohon kwastomana, mai kawo mini mutane, ya gan shi a kan kanta ya ce shi yake nema tun watan jiya. Mu 'yan kasuwa muna da wata ɗabi'a da ba ma faɗa, kaya mai kyau na kwastoma ne, gida kuma sai abin da ya ƙi fita. Fankar ɗakina ma wadda aka dawo da ita ce. Ban yi dogon tunani ba na sayar masa, na ɗauko wani tsohon kad da ya daɗe a durowa, wanda bai san adaftif sink ba kuma ba shi da ƙarfin wannan faɗin, na saka a kwamfutar da na haɗa wa Yaya. Na ce a raina dattijon da bai taɓa buga gem ba ina zai gane bambanci, kafin sati uku wani ya iso in canja. Abin da ban lissafa ba shi ne, mutumin da ya shekara talatin yana kallon titi ya fi duk wani ɗan gem sanin yadda hanya take tafiya.

Bayan sallar Juma'a muka kunna a zaurensa a unguwar Fezzan. Abokansa uku na tasha sun zo, ana ta zolayar sa cewa yau za a ga ko lasin ɗin nasa na gaske ne. Ya zauna, ya ɗauki hannun hagun da na dama ya ɗora a sitiyari, ya tayar da mota. Tun da ya kwanta ban ga fuskarsa haka ba. A miƙaƙƙen titi babu laifi sosai. Da ya zo kwana, ga zafin rana kad ɗin ya ɗau zafi, sai hoton ya fara tsinkewa, turakun wuta suna rabewa biyu, bakin titi yana tsalle. Ya taka birki, ya murza ido.

"Gana, hanyar nan ce take tsagewa, ko idona ne?"

Ina tsaye a bayansa, na ga abin da ya gani sarai. Amma abokansa duk sun juyo suna kallona, ɗayansu bai daɗe da cewa in samo wa 'yarsa laftof ba. Sai na ji bakina ya ce:

"Yaya, ni ban ga komai ba. Ai irin wannan injin babu shi a garin nan."

Abokan, da ke zaune a gefe ba su ma san me za su duba ba, suka ce su ma lafiya suke gani. Yaya ya ce to. Ya sa hannun dama ya sauke na hagun daga sitiyarin, ya ce a kai shi ciki jiri yake ji.

Daga ranar ya sauya. Matarsa ta gaya mini ya ce ciwon ya hau ido, kuma direban da ke ganin titi biyu kashe bayin Allah zai yi. An kai shi asibiti, likita ya duba ya ce idon lafiya, shi kuwa Yaya ya ce ɓoye masa ake yi. Ya daina zuwa gashi. Ya aika wa mai motar cewa ya nemi wani direba, an kuma nema. Hannun da ya fara riƙe kofin shayi yanzu ya koma ya lanƙwashe. Ni kuma duk sati ukun nan ina zuwa gaishe shi, ina cewa gobe zan faɗa, kunya tana riƙe ni.

Da sabon kad ya iso na je na saka, na sa wayar da ta dace, na kunna sink ɗin, na gwada da kaina. Hoton sumul, ko a kwana ba ya motsi. Na shiga na ce masa na gyara wani seti, ya zo ya sake gwadawa. Sai ya ce ai ni da bakina na ce babu abin da ya samu injin, me kuma aka gyara. Ya ce in daina lallashin sa kamar yaro, ya karɓi ƙaddararsa, kuma Allah ya yi mini albarka da ɗawainiyar da na yi. Wallahi da zagi na ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na faɗa wa matarsa gaskiya. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce dai ta ɗauka ni ne mutum na ƙarshe da zai yi masa haka. Sannan ta ce kada in kuskura in gaya masa, likita ya hana a ɓata masa rai saboda hawan jini, kuma yanzu a duniya ni kaɗai yake yarda da maganarsa. Washegari kuma ta kira ni tana kuka, ta ce in san yadda zan yi in dawo mata da mijinta. Tun lokacin gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ga inda na tsaya. In na yi shiru, Yaya zai ci gaba da zama da makantar da ba shi da ita, hannun kuma kullum ƙara tafiya yake. In na faɗa, ko dai ya ɗauka wata sabuwar dabarar lallashi ce, ko kuma ya yarda, ya san ƙaninsa ya sayar da kad ɗinsa, ya tsaya a bayansa yana ganin hoton yana yagewa ya ce masa idonsa ne. Ban san wanne jikinsa zai iya ɗauka ba. Kuma ko ya yarda, kujerar motar ta riga ta tafi.

Tsohon kad ɗin yana nan a durowa, mutum biyu sun taya na hana. Tunanin da nake yi shi ne in mayar da shi cikin injin Yaya, in kira abokan nan uku, in zaunar da su ɗaya bayan ɗaya a kan kujerar su ga yagewar da idonsu, sannan in canja kad a gabansu, in faɗi abin da na yi kowa yana ji, tunda a gabansu na yi ƙaryar. Sunana a kasuwa ba shi ne damuwata ba yanzu.

Masu ilimin lafiya a cikinku, mai irin ciwonsa zai iya jin wannan magana lafiya? Sauran jama'a kuma, in ku ne, a gaban abokan za ku faɗa, ko ku biyu a ɗaki? Ko in bi maganar matarsa in yi shiru? Monitan yana can a zaure an lulluɓe shi da zani, kullum Yaya yana wucewa ta gabansa in zai fita alwala, yana kawar da kai.