Kilishin da Ya Toshe Na'urarku Ni Na Yi Shi

Zuwa ga Shugaban Ɗakin Bincike, inda ɗiyata Murjanatu ke karatu.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya fama da ɗalibai? Ni ne Ummaru mahauci na kasuwar Talata Mafara. Da farin ciki nake rubuto maka, amma da kuka a ciki.

Na ɗaya. Murjanatu ta yi mini bayanin aikinta har na gane. Ta ce furotin na cikin nama, abin nan mai gina jiki, yakan canza idan wani ɗan sinadari ya manne masa, kuma na'urarku na gano haka ta auna nauyinsa. So take ta ga ko naman shanun da ke cin harawar shinkafar Bakolori ya bambanta da na shanun dajin Maradun. Wallahi ranar kasa zama na yi don murna! Na tsufa ina awon nama a sikeli, ga jinina na awon abin da ido ba ya gani.

Na biyu. Ta aiko in tura mata naman kowane garke. Ɗanye ta ce, kuma na ji. Amma ni, haifaffen gidan fawa, in aika wa manyan malamai nama tsirara kamar na raina su? Haba! Na shanya shi, na tsoma a tunkuza, gishiri da yaji ban rage ba. Ranar layinta na amfani da na'urar ta zo, babu wani naman, sai ta wanke wannan ta gwada. Ashe na'urar ba ta shiri da gishiri. Ta toshe, aka yini ana wankinta, kai kuma ka ɗage layin yarinya sai baɗi, alhali bana za ta gama.

Na uku. Na ji sauran kilishin bai kwana ba, har ka tambayi wanda ya yi shi. To, ga ni. Yabon nawa ne, laifin ma nawa ne, don me za a hora Murjanatu?

Roƙona, ka mayar mata da layinta bana. Wani direban Bakura zai kawo ƙunshi biyu. Ɗanye cikin ƙanƙara na na'ura ne, mai yajin naka ne, ko ka amince ko ka ƙi. Don Allah kada a musanya su.

Allah ya ƙara girma, ya kare na'urar daga irina.

Wassalam.

Ummaru mahauci, baban Murjanatu.