Dawar Inna Ba Ta Fidda Kai Ba Tukuna

Daga Babban Mufattish mai duba gonakin Jazira, tun daga madatsar ruwa ta Makwar har inda ruwa ya ƙare, zuwa ga Maijidda matar Salih, a Hasahisa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki, da 'yar ɗiyarki Kausar wadda labari ya iso ofishina cewa ta yi haƙori tana cizon mutane. Mutanen ƙauyenku duk lafiya, sai ƙafar mahaifiyarki Inna Mero da ke taɓa ta in ta daɗe cikin ruwa.

Na zagaya hawashar marigayi babanku, gonar nan tasa ta ban-ruwa. Dawa ta yi kore shar, ƙaninki Bilyaminu kuwa, yaro mai hankali da kyawun fuska, shi ke ba ta ruwa.

To amma akwai maganar da Inna ba za ta faɗa miki ba. Lokacin shuka ta karɓi shel wurin Hamid mai kanti, ta sayi iri da taki. Kin san shel: kuɗi yau, buhunan dawa ranar girbi, a farashin da mai kuɗi ya yanka. Sharaɗinsu shi ne in aka maida kuɗin kafin dawa ta fidda kai, ɗan ƙari kaɗan zai ɗora. In ta fidda kai, sai buhuna. Na lissafa, abin da zai rage mata ba zai kai ta azumi ba, kuma baɗi sai ta koma gare shi, wannan karon ta jinginar da hawashar kanta.

Bilyaminu ya sayar da jakinsa da karo, keken da jakin ke ja, ya haɗa fiye da rabin kuɗin. Ya kai wa Hamid, aka ce ya tafi garin Hajj Abdalla. Ya koma, aka ce yana barci. Ashe mai bin bashi ma yana ɓuya, in ya hango an zo biya da wuri. Sai ran Juma'a yaron ya zauna kan takalman Hamid a ƙofar masallaci, bai tashi ba har liman ya fito. A gaban liman Hamid ya karɓa, ya amsa cewa in cikon ya zo kafin kan dawa, magana ta mutu.

Yanzu karan ya fara ɗaukar ciki. Kullum Inna sai ta tsaya bakin gona tana kallonsa. Ban taɓa ganin manomin da ke tsoron amfaninsa ya yi sauri ba sai ita.

Ta rantse ba za ta ci kuɗin gidan suruki ba. Amma kuɗin sanduk ɗinku na mata, adashin da kike zubi, guminki ne, ba na Salih ba. Ki roƙi Ramla mai riƙon sanduk ta ba ki kwasar wannan wata, ki aiko ta hannun liman, kada ta hannun Inna.

Ki gai da Salih, ki shafa min kan Kausar. Allah ya sada mu da alheri.

Yaya, babu wani Mufattish. Ni ne. Na san in kika ga sunana a sama za ki yi dariya ki aje takardar sai an kwana biyu, dawa kuwa ba ta jira.

Ƙaninki mai tafiya a ƙasa yanzu,
Bilyaminu