Shirun da Baba Mai Agogo Ya Ɓata

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ƙafar nan taki, ta lafa? Ya maigidan da yara?

Na ga saƙonki, har da gorin da kika saba, wai na tsufa ina bin mutane da kyamara, babu ofis babu albashi. Na ji, na haɗiye. To ga labari: fim ɗin da nake yi a kan rayuwar wani dattijo, Baba mai gyaran agogo, ya kammala, wani gidan talabijin ma ya ce zai nuna shi ƙarshen wata. Sai dai Baba bai gani ba. Allah ya yi masa rasuwa ina tsakiyar tace hotunan.

Kin san ƙa'idata: ba na sakin fim sai masu shi sun gani sun yarda. Jiya na ɗauki kwamfuta na kai wa matarsa, Inna. Ta zauna bakin gado ta yi tagumi, ta kalla har ƙarshe. Ta yi mini godiya, sannan ta ce wannan ba mijinta ba ne. Wai wannan magana yake kamar mai karanta labarai, nata mijin kuwa ga tari, ga surutu, ga 'yan waƙe-waƙen da ba su da kai. In haka za a nuna shi, ba da yawunta ba.

Yaya, kin ji fa. Ni da na yi ta yanke tarin nan ɗaya bayan ɗaya don ya fito da mutuncinsa! In Inna ba ta sauko ba, wahalar shekaru ta tafi a banza, don wallahi ba zan tsallake maganarta ba. Ki sa ni a addu'a, gorin kuma ki ajiye mini sai na zo.

Ƙaninki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa, ina fatan zazzaɓin ƙaramar taki ya sauka. Ki shafa mini kanta.

Bari in gaya miki wani abu na aikinmu. Duk sanda muka gama hira da mutum, sai mu ce kowa ya yi shiru na minti ɗaya, mu naɗi shirun ɗakin. Da shi muke cike gurbin abin da muka yanke. To Baba bai taɓa iya shirun nan ba. Shagonsa a jikin gidansa yake, agoguna na ta ƙas-ƙas a bango, Dogo mai ɗaukar sauti ya ɗaga hannu, kowa ya nutsu, sai Baba ya ɓarke da dariya, ko ya hau waƙa, ko ya ƙwala wa Inna kira. Dogo har tsaki yake yi. Duk wuraren nan mun ware su cikin abin zubarwa, Allah dai ya sa ban goge ba.

Su na kwaso na mayar cikin fim ɗin, har da tarin. Dogo ya ce na lalata masa aiki, na ce ya yi haƙuri.

Yau na koma wurin Inna. Tun a waƙar farko ta kama baki tana dariya, wai ka ji shi ko, ko baiti ɗaya bai iya daidai ba. Can kusa da ƙarshe akwai inda Baba ya daure ya yi shiru, yana ta ƙifta ido, har na sa rai zai kai minti ɗayan. Sai kawai ya waiga ƙofar cikin gida ya ɗaga murya: ke, shayin nan fa?

Yaya, Inna ta amsa. Ta ce ina zuwa, Malam, har ta zura ƙafa cikin takalmi. Sannan ta tuna. Ta koma ta zauna a hankali, takalmi ɗaya a ƙafa. Ni dai na sunkuyar da kai na yi kukana, ba zan ɓoye miki ba.

Ta ce a kai wa duniya ta gani, wannan shi ne. Abu ɗaya ta roƙa: in tura mata wurin kiran nan a wayarta, don tun da ya tafi babu wanda ya tambaye ta shayi.

Ki gaida kowa da kowa.

Naki har kullum,
Auta