Na Cika Gafakar Kakana da Takardar Siminti

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don girman Allah ku kai ƙarshe kafin ku tsine mini, ni ma na daɗe ina tsine wa kaina. Sunana kuwa ku bar shi, in na faɗa ba zan ƙara iya ratsa kasuwar Mai Wurno ba.

A gidanmu akwai wata gafaka, jakar fata ta littafi, wadda kakana ya rataya tun daga ƙasar Sakkwato, a ƙafa, lokacin hijirar gudun Turawa zuwa nan gabas. A ciki akwai waƙoƙinsa na ajami, da sunayen waɗanda suka rasu a hanya, da garin da aka rufe kowa. Warƙa-warƙa ne, ba ɗinki, kuma ba wanda ya taɓa kwafa. Da idon Baba ya tafi sai ya damƙa mini ajiyarta, don ni ne babba. Kowace Juma'a bayan masallaci in ɗauko masa, ya ɗora a cinya, ya shafa, ya yi addu'a, in mayar.

Lokacin da ake gina hazzan na Rusairis, madatsar ruwan nan, na bar gona na tafi leburanci. A can na saba da wani injiniya ɗan Italiya, dattijo mai son hira, Larabcinsa kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Da hutun rana yakan buɗe mini wani ƙaton littafin hotuna: kubbobi, zane-zane, mutum-mutumin dutse da jijiyar hannunsa kamar za ta motsa, astagfirullah. Ya ce mutanensu sun yi ɗaruruwan shekaru da watsar da ilimin magabatansu, Rumawa da Yunanawa, littattafan suna ruɓewa a gidajen ibada ɓera na ci. Sai wasu mutanen birnin Filoransa da maƙwabtansu suka tashi, suna bi lungu-lungu suna tono su, suna kwafa da hannu, suna koyon harshen da aka manta, wani ilimin ma ta hannun Larabawa ya dawo musu. Daga nan gini ya farfaɗo, zane ya farfaɗo, karatu ya farfaɗo.

Ni kuma da bakin nan nawa da ba ya rufuwa, na ce ai mu ma muna da tsohon littafi. Na zo gida hutu, na zare warƙoƙin ba wanda ya sani, na kai masa. Wallahi mutumin nan sai da ya wanke hannu kafin ya taɓa. Ni fa? Kunya ce ta rufe ni, ga kubbobinsu, ga tamu takarda jawur tana warin hayaƙi. Na ce na ba shi kyauta. Ya ce, "La, la, ya sadiki, a'a abokina, wannan na gidanku ne." Sau biyu yana turo mini, sau biyu ina mayarwa, har da rantsuwa. Me nake nema? So nake Bature ya ce ni wayayye ne, shi ke nan! Ya karɓa, ya cire agogonsa ya ɗaura mini. Aiki ya ƙare ya koma ƙasarsu, ko sunan unguwarsa ban tambaya ba.

Na yanyanka takardar buhun siminti daidai girman warƙoƙin, na cika gafakar, na ɗaure. Yau fiye da shekara goma Baba yana shafa siminti yana hawaye yana yi wa ubansa addu'a, ni ina tsaye ina cewa amin. Wane irin ɗa ne ni?

Yanzu ga abin da ya hana ni cin abinci. Ƙanena ustaz ne, tarihi yake koyarwa a Sinnar. Labarin nan na mutanen Italiya shi ma ya karanta, amma shi hankali ya ɗauka a ciki. Ya ce, "Yaya, 'ya'yanmu Larabci ya cinye bakinsu, in ba mu yi yadda waɗancan suka yi ba, mun ɓace." Ya tara malamai suna bi gida-gida har Abu Na'ama suna kwafar tsoffin takardu. Ya roƙi Baba a kwafi namu, Baba ya yarda. Juma'ar nan mai zuwa za a buɗe gafakar a zaurenmu, gaban dattawan gari.

Jiya Baba ya lalubo hannuna ya riƙe. Ya ce, "Ɗan nan, kai za ka kwance igiyar da hannunka, don kai ka tsare amanar ga. Na mance sunan garin da anka rufe innata, kullum ina laluben shi ba ya zowa. A karanta min in ji kafin in bi ta."

Na fita bayan gida na yi kuka kamar ƙaramin yaro. In faɗa masa kafin Juma'a, tsoho da ciwon zuciya? In ce gara ta ci, in ƙara ƙarya a kan ƙarya? Ko in bari ƙanena ya buɗe ya gani a gaban jama'a? Ko an yafe mini, sunan garin nan ba ni da inda zan samo shi. Kwana uku suka rage, jama'a. Me zan yi?