Ni Na Haɗa Get Ɗin, Ni Zan Yanke Shi

Anti, ki taimake ni don girman Allah, kuma ki amsa min kafin Asabar, don in ta wuce Asabar sai dai ki aiko min da amsar can ofishin 'yan sanda. Ki yi haƙuri da rubutun, ni da makaranta tun a aji huɗu muka rabu, ba faɗa ba gaba. Amma in maganar ƙarfe ce, ki tambayi kowa. Ni mai walda ne, shekara ashirin da biyu ina kan wuta. Ba irin masu ɗiga walda kamar kashin kaji ba. Ƙofar da na haɗa, in ɓarawo ya zo sai dai ya gaishe ta ya wuce. Kuma ina da alama, duk aikina sai na sa tsuntsaye biyu a sama suna kallon juna. Rabin gidajen unguwarmu tsuntsayena ne ke gadinsu.

To ga abin da ya faru. A tsakiyar unguwarmu akwai filin shaƙatawa, mu Fili kawai muke ce masa. Bishiya goma sha ɗaya, lilo biyu, benci shida, gefe guda kuma yara na buga ƙwallo. Lilon da bencin duk ni na haɗa su kyauta, ba wanda ya roƙe ni. A filin nan na fasa haƙorina na gaba, a nan kuma na fara ganin uwar 'ya'yana, ta wuce ta yi kamar bata ganni ba, alhali mutum irina ba a rasa ganinsa.

Sai majalisar ƙaramar hukuma tace wai za ta inganta mana shi. Kinsan ingantawar? A zagaye shi da katanga, a sare bishiya bakwai, rabi a yi wurin ajiye motoci da shaguna, ragowar kuma sai da tikiti. Wato ɗiyata ta sayi tikiti ta hau lilon da ubanta ya haɗa. Muka ce ba a haifi mai yi mana wannan ba. Aka kafa kwamiti, Yayata ce shugaba. Tsohuwar nas ce, ita ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, har yau in ta kira cikakken sunana sai na duba ko hannuna a wanke yake. Ni kuma aka bani lasifika, ko da yake ko babu ita ana jina har bakin titi.

A watan huɗu kansilanmu ya kira taron jin ra'ayi. Ya dafa ƙirji yace ba a yanke komai ba, takarda fara ce, abin da jama'a suka ce shi za a rubuta. Na tashi na yi magana, Anti, da kina wurin da kin yi tafi. Nace in zafi ne ya dami motocin su ma su zo su zauna ƙarƙashin bishiya, ba mu hana kowa inuwa ba. Har masu gadi sai da suka yi dariya. Muka kai takardar koke da sa hannun mutane, aka sa mana ranar Laraba ta sama mu je gaban majalisa gaba ɗayanta.

Litinin ɗin da ta wuce da safe na fito zan buɗe shago, sai na ga mutane cirko-cirko a bakin Fili. An zagaye shi da kwano, an kafa ginshiƙi biyu, an rataya get, wato babbar ƙofar ƙarfe, an sa kwaɗo. Baƙin get mai ruwan zinari a sama. Da tsuntsaye biyu suna kallon juna.

Kowa ya kalli tsuntsayen ya kalle ni. Sai Tela maƙwabcin shagona, wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi, yace ashe mai lasifikar namu hannu biyu yake aiki, ɗaya na ihu ɗaya na walda. Tun ranar sunana ya koma Mai Get. Ko shayi na je sha sai wani ya tambaye ni ko shi ma da tikiti. Wanda ya fi ci min rai Baba Direba ne, tsoho ne da ɓarin jikinsa ya shanye, kullum da safe yana zagaya Fili sau uku yana dafa bencina ɗaya bayan ɗaya, haka likita yace masa. Yanzu a kan kujerar roba yake zama a bakin get. Ya shafa ƙarfen yace min aiki ya yi kyau, ɗana. Ba da gatse ba, har zuciyarsa. Da marina ya yi da ya fi min sauƙi.

Nan take na hau kan dutse na rantse wa jama'a bansan inda za a kai get ɗin ba, wani ɗan kwangila ne ya kawo aiki na yi. Nace kuma tunda hannuna ne ya haɗa shi, hannuna ne zai sauke shi. Ranar Asabar ƙarfe goma na safe, ido na ganin ido, zan jawo injin yankan ƙarfe in kwantar da shi ƙasa, a kira duk wanda za a kira. Aka yi ta ihu, har Tela sai da ya ɗaga min hannu. Minti bakwai ya ishe ni, na san inda na ɗaure shi.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba, ko uwar 'ya'yana. Anti, na sani. Tun watan biyu ɗan kwangilar ya kawo min zanen, wata biyu cur kafin kansila ya dafa ƙirji. A saman takardar an buga sunan Filinmu ɓaro-ɓaro, ga kwanan wata, ga hatimi. Karatuna ba nisa, amma sunan unguwar da aka haife ni bai fi ƙarfina ba. Na gani na ninke takardar. Nace wa kaina in ban yi ba wani zai yi, kuma zai yi mummuna. Gaskiyar magana, tunda nake ba a taɓa bani aiki mai girman wannan ba, so nake a wuce a ce wane ne ya yi. Na ɗauka ma rigimar za mu ci, get ɗin ya ruɓe a sito, kowa ya huta. Da rana ina ihu a lasifika, da yamma ina goge tsuntsaye. Takardar tana nan cikin akwatin kayan aikina ƙarƙashin safar hannu.

Yaya kuwa tun Litinin bata ci abincin gidana ba. Ta zo shago sau ɗaya, bata zauna ba. Tace in na taɓa get ɗin nan na kashe musu zaman Laraba, za a ce kwamitin 'yan ta'adi ne. Tace abin da suke nema kawai shaida ce cewa an gama yanke magana kafin a tambaye mu, sun san haka ne amma ba su da abin nunawa. Ta tsare ni da idon nan nata na allura ta tambaye ni yaushe aka kawo min aikin. Nace kwanan nan ne, na manta. Ta daɗe tana kallona, sannan ta tafi. Uwar 'ya'yana kuma tace in aka kama ni kar in sa ran ganinta da kwanon abinci, ta ɓoye min wayar injin ma, bata san ina da biyu ba.

Ni dai Filin nan ba za mu bar shi ba, ko sama da ƙasa za ta haɗe. Kuma ni ba matsoraci ba ne, ɗauri bai dame ni ba, ƙofar gidan yarin ma ƙila ni zan gyara musu ita. In na yanke get, na wanke sunana, an manta da Mai Get. In na fito da takarda kuwa, kowa zai san na rantse a kan ƙarya, kuma Yaya za ta san na kalli idonta na yi mata. Wannan ne ban iya ba. Ki gaya min gaskiya, ba yankewar ta fi ba?

Naki,
Sarkin Tartsatsi

*

Sarkin Tartsatsi,

Na yi dariya a farkon wasiƙarka, a ƙarshenta kuma na daina. Amsata a taƙaice ita ce a'a, yankewar ba ta fi ba. Ta dai fi sauƙi, kai ma ka san haka, shi ya sa ka rubuto.

Bari in fara da ba ka gaskiyarka. Fushinku yana kan hanya. Filin da tsoho ke motsa jiki a cikinsa, yara ke wasa, ba a rufe shi da kwaɗo alhali an riga an sa ranar sauraron masu shi. Karɓar aiki kuma ba laifi ba ne ga mai sana'a, haka son a ga gwanintarka. Ita ma majalisa ƙila tana da nata dalilan, wataƙila motoci sun toshe tituna, wataƙila kula da filin ya yi mata nauyi. Sai dai wurin faɗar waɗannan dalilai shi ne zaman Laraba, a gabanku, ku ma ku faɗi naku. Laifinka guda ne, ka san abu ka ɓoye, sannan ka rufe shi da rantsuwa.

Yanzu dubi abin da minti bakwai ɗinka za su haifar. Ranar Laraba ba za a yi maganar bishiyoyi ba, maganar ɓarnar kayan hukuma za a yi, Yayarka kuma ta wuni tana neman belinka maimakon ta tsaya a gaban majalisa. Kafin mako ya zagayo an rataya wani get ɗin, Baba Direba yana nan a kan kujerarsa. Akwai kuma abin da ka manta. Ba kai kaɗai ka san sirrin nan ba. Ɗan kwangilar da ya miƙa maka zanen ya san abin da ke rubuce a samansa. Ranar da ka yanke masa kaya, ba abin da zai hana shi faɗa. Maganar za ta fito ko ka so ko ka ƙi. Abin da ya rage a hannunka shi ne bakin da za ta fito daga ciki.

Ga shawarata. Yau ɗin nan ka ciro takardar, ka ɗauki hotonta, ka yi kwafi biyu, ka adana ta asali. Ka fara gaya wa matarka, don ita ke kwana da fargabar Asabar. Daga nan ka tafi gidan Yaya kai kaɗai, ba raha, ba kewaye-kewaye. Ka ce mata ka yi ƙarya, ka ajiye takardar a gabanta, ka yi shiru ta faɗi duk abin da za ta faɗa. Ina zaton rabin maganar ta riga ta sani, jira take ka kawo sauran da ƙafarka.

Kada ka watsa takardar a waya. Kwamiti ya nuna wa lauya tukuna. Takardar ta nuna an ba da aikin get tun watan biyu, amma ba ta nuna wanda ya ba da umarni ba, ƙila ɗan kwangilar ne ya yi gaban kansa. Ko ma wane ne, tambaya ce da dole a amsa ta a bainar jama'a, kuma ita ce za ta iya sa a cire kwaɗon a sake zama daga farko. Ka shirya tsayawa shaida, ka faɗi abin da ka gani kawai, ba ƙari. Ka kuma san cewa mai yiwuwa ɗan kwangilar nan ba zai sake kawo maka aiki ba.

Ranar Asabar ƙarfe goma ka je bakin get kamar yadda ka yi alkawari, amma ka bar injin a shago. In kwamiti ya amince, ka gaya wa jama'a da bakinka abin da ka gaya mini. Za a yi gunaguni, Tela zai samu abin faɗa na wata guda, sunan Mai Get kuma ƙila ya bi ka har tsufa. Za ka iya ɗauka. Ka ce ɗauri bai dame ka ba, na kuma yarda. To tsayawa a gaban Yaya ya fi ɗauri wuya, kuma shi kaɗai ne zai amfani Filin.

Allah ya sanyaya zuciyar Yayarka, ya ba ku nasara ranar Laraba, ya sa Baba Direba ya koma zagayensa na safe.

Taku,
Anti