Tabarmar da Na Ara wa Shee

Zuwa ga Yaya Mwanaisha, a Lamu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya ke da Inna. Yaya, in takarda ta iso cewa na mutu, kada ku yarda. Kin dai san karkataccen rubutuna.

Abokina Shee ne zazzaɓi ya kayar, na ara masa tabarmata. Ranar Talata ya cika. A jiragen yaƙin Oman, inda muke aiki, cikin tabarmarsa ake ɗinke mamaci a sa shi a teku, magatakarda kuma alamar tabarma yake dubawa, ba fuska ba. Magatakardanmu Malam Nasoro ya ga jan zaren da na yi wa tabarmata alama da shi, ya soke sunana.

Na same shi na ce, "Malam, ga ni fa."

Ya ce, "Kai gawa, rage murya! Sarkin jirgi ya riga ya buga hatimi. So kake a feɗe mini baya da bulala?"

Wanda ba ya cikin littafin sunaye ba shi da ruwan sha, kuma ɗan leƙen asirin abokan gabanmu, Turawan Fotugis, ake ɗaukarsa. Na ga wanda aka rataye a gaban Mombasa. Shi ya sa in an kira Shee da safe, ni nake amsawa. Malam kuwa sai ya kau da kai.

A sa ni a addu'a. Ƙaninki, Fumo.

*

Fumo,

Gaisuwa, da godiya ga Allah. Takardar mutuwarka ta riga taka da kwana tara, Inna har ta rame.

Amma ka san abin da ka jawo? Uwar Shee ta ji sunan ɗanta cikin masu rai. Jiya ta kawo mana shinkafa da kwakwa, tana rarrashinmu: "In Shee ya dawo, ai naku ne." Ban taɓa shinkafar ba. Kullum tana bakin teku tana duban jirage.

Inna kaɗai na gaya wa. Kai dai ka rayu, ko da sunan wa.

Allah ya tsare. Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Sau uku na karanta.

Na lura ranar Juma'a kaɗai sarkin jirgi yake tsayawa wurin kiran suna. Gobe Juma'a. Na gaya wa Malam Nasoro, ya zage ni tas, sannan ya zauna ya dafe kai.

In an kira Shee zan yi shiru, sai in faɗi sunana.

Da wannan ta iso, ki tafi wurin uwarsa da kanki. Kada ta ji a bakin teku.

Ki gaishe da Inna.

Fumo ɗan Bakari.